Shirun Ajin Adabi

Duk wanda ya taɓa bin barandar makarantunmu a lokacin darasin adabi ya san abin da kunnensa zai jiyo. Murya ɗaya ce ke tashi, ta malami, yana maimaita abin da ya riga ya rubuta a allo: sunan littafi, sunan marubuci, shekarar bugu, jigo, taurari, darussan da labarin ya ƙunsa. Yara sun duƙufa suna kwafa, ba ka jin komai sai ƙarar alli da motsin takarda. In sufeto ya leƙo ya ga haka, sai ya rubuta a rahotonsa cewa aji yana da natsuwa kuma malami ya iya riƙe ɗalibansa. Mu ne ke tsaye a gaban wannan allo, saboda haka ba wani muke nuna wa yatsa ba. Da yawanmu haka aka koyar da mu, haka muka taras, haka kuma muke yi.

Amma mun san abin da wannan shiru yake haifarwa. Ka tsayar da yaron da ya ci maki mai kyau, ka tambaye shi jigon Jiki Magayi, nan take zai ce ramuwar gayya. Ka ƙara masa da cewa, to, a ganinka Abubakar ya yi daidai ko bai yi ba? Sai ya sunkuyar da kai, ko ya shiga jujjuya littafin rubutunsa yana neman inda malam ya ba da amsa. Ba zai samu ba, domin tambayar ba ta cikin abin da aka kwafa. Yaron ya riƙe sunayen mutanen littafin, amma bai taɓa zama da su ba, bai ji haushin kowa ba, bai tausaya wa kowa ba. Ra'ayinmu shi ne, yaro bai gama karanta littafi ba sai ranar da ya iya miƙewa a gaban 'yan'uwansa ya yanke hukunci a kan abin da ya karanta, ya kawo hujja daga cikin littafin, ya saurari wanda ya saɓa masa, sannan ya mayar da amsa. Muhawara da jawabi a gaban aji su ne hanyar kai shi wannan matsayi, kuma wurinsu yana cikin darasin yau da kullum.

Abin ban takaici, littafin da muka fi alfahari da shi yana yi mana wannan nuni tun daga bangonsa. Magana Jari Ce, wanda Abubakar Imam ya rubuta a ƙarshen shekarun 1930, an gina shi ne kacokan a kan iya magana. A littafi na farko aku ne ke tsare ɗan sarki da labarai dare bayan dare don kada ya fita ya faɗa tarkon makirci. A na biyu gasar ba da labari ake yi tsakanin aku biyu a gaban jama'a. A na uku uba ne ke horar da ɗansa yadda ake sarrafa harshe. Tsuntsun da ba shi da takobi ba shi da dukiya ya kai ga muƙamin waziri da bakinsa kawai. Wannan littafi muke ɗauka mu koyar wa yara da sharaɗin kowa ya rufe bakinsa.

Kada kuma wani ya ce muhawara baƙuwar al'ada ce da boko ya kawo mana. Akwai nau'in tatsuniya da ba a rufe ta da hukunci, sai mai bayarwa ta tsaya ta jefa wa masu sauraro tambaya: cikin waɗannan samari uku da suka ceci yarinyar, wa ya cancanci a ba shi ita? Daga nan dandali ya kaure, kowane yaro ya kama nasa gwanin, ya kawo dalili, wani ya rushe masa, har barci ya raba su. Kacici-kacici shi ma haka yake, tambaya da amsa ne da saurin tunani a gaban tsara. Kakanninmu mata da suka yi wannan aiki ba su je kwalejin horon malamai ba, amma sun gane cewa labari yana zama a zuciyar yaro ne idan aka bar shi ya sa baki a cikinsa. A tarihin aikinmu ma akwai misali. A shekarun 1940, a Bauchi, malaman makaranta irinmu ne suka riƙa zaman tattaunawa a kan al'amuran mulki da na jama'a, cikinsu har da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Malam Aminu Kano, ga kuma Sa'adu Zungur a tare da su. Ɓalewa, wanda ya rubuta Shehu Umar, daga aji ya fito ya zama mai jawabin da duniya ta yaba wa murya. Aminu Kano kuwa yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar malaman Arewa a ƙarshen waɗannan shekaru. Mutanen da suka tsaya gaban Turawa da sarakuna suka yi magana, a makaranta da zauren tattaunawa suka wasa harshensu.

Bari mu kawo abin da ya faru a ɗaya daga makarantun wannan reshe, domin gani ya kori ji. Wata malama ta gama karanta Jiki Magayi da 'yan ajinta na ƙaramar sakandare. Maimakon ta rubuta musu darussan labarin a allo, sai ta ce gobe za a yi shari'a. Abubakar ne a gaban alƙali. Kowa ya san ƙarar: attajiri Malam Shehu ya raba shi da Zainab, yarinyar da yake so, shi kuma ya shiga daji ya sha wahala har ya samo abin da ya lalata rayuwar ɗansu Kyauta, yaron ya tashi ɓarawo, masifa ta ƙare a kan gidan gaba ɗaya. Ta raba ajin biyu, masu ƙara da masu kariya, ta zaɓi uku su zama alƙalai. Doka ɗaya ta kafa: duk wanda ya faɗi magana sai ya nuna inda take a littafin, in ba haka ba alƙalai su yi watsi da ita.

Ta ce da farko abin ya tafi yadda ta zata. Masu ƙara suka ce Abubakar mugu ne, masu kariya suka ce zaluntarsa aka yi. Can sai wani yaro daga bencin baya, wanda tun farkon zango ba ta taɓa jin muryarsa ba in ba a kiran suna ba, ya ɗaga hannu ya ce shi tambayarsa ɗaya ce: mene ne laifin Kyauta? Ba a haife shi ba lokacin da aka yi rigimar. In Malam Shehu ne ya yi cuta, don me hukuncin ya sauka a kan jariri? Masu kariya suka rasa ta cewa, suka nemi a ba su lokaci su koma littafi. Sai wata yarinya ta miƙe ta ce ita kuma ta lura duk ana ta maganar maza biyu, ba wanda ya tsaya ya tambayi halin da Zainab ta shiga, alhali ita aka yi wa auren, ita ce kuma ta ga lalacewar ɗanta. Aka buga ƙararrawa ba a gama ba. Malamar ta ce da ta fito tara, ta iske su a gindin bishiya da kwafi biyu na littafin suna ta jan shafi. Ba ta ba su aikin gida ba, amma washegari kusan kowa ya zo ya sake karanta babin da ake taƙaddama a kai.

A lura da abin da yaran nan suka yi. Sun gano da kansu cewa ramuwa takan tsallake mai laifi ta faɗa wa wanda bai ji ba bai gani ba, wanda shi ne ƙashin bayan littafin. Da malamar ta rubuta musu wannan a allo, da jimla ɗaya ce cikin jimloli ashirin da za su haddace su manta bayan jarrabawa.

Kusan duk littattafan da ke hannunmu suna da irin wannan ƙofa. A Shehu Umar, Abdulkarim ya riƙe Umar kamar ɗan cikinsa, ya sa shi karatu har ya zama malami, amma ta hanyar cinikin bayi yaron ya shigo hannunsa, uwarsa kuma ta salwanta a neman sa. Mai alheri ne ko mai hannu a cikin zalunci? Yaro ba zai iya amsa wannan ba sai ya yi tunani a kan bauta da gaske. A Ruwan Bagaja muna dariya idan Alhaji Imam ya yi wa Malam Zurƙe ƙeta, muna jin haushi idan Zurƙe ya rama. Sa wasu yara su tsaya wa Zurƙe, ba da jimawa ba za su gano cewa ai Alhaji Imam ne ke ba da labarin da bakinsa, ɓangare ɗaya kawai muka ji. Wannan shi ne darasin mai ba da labari da matsayinsa, wanda muke wahalar bayyana wa manyan ɗalibai, ga shi yaro ɗan shekara goma sha uku ya tsinto shi domin yana son ya ci muhawara. Malaman Ingilishi ma suna da nasu: a littafin Chinua Achebe na 1958, hannun da Okonkwo ya sa a kisan Ikemefuna ya ishi aji muhawarar mako guda.

Waƙa kuwa zaluncin da muke yi mata ya fi yawa. Rubutattun waƙoƙinmu don kunne aka tsara su. Aliyu Namangi makaho ne, Infiraji kuma ta bakin masu rerawa ta ratsa ƙasar Hausa. Akilu Aliyu da muryarsa mutane suka san shi. Yau muna koyar da kari da amsa-amo a allo kamar lissafi, yaro ya ƙirga gaɓoɓi bai taɓa jin yadda baitin yake sauka a kunne ba. A sa shi ya miƙe ya rera baiti biyu, sannan ya rufe littafi ya gaya wa aji da kalmominsa abin da mawaƙin yake nufi. Minti uku ne, amma a cikinsu ya koyi tsayuwa, da ɗaga murya, da duban jama'a, da fassara magana mai nauyi zuwa mai sauƙi.

Mun san abin da 'yan'uwa za su ce, domin mu ma mun faɗa a ɗakin malamai. Na farko cunkoso. Manufar ilimi ta ƙasa ta yi tanadin malami ɗaya ga yara talatin da biyar a firamare, arba'in a sakandare, amma da yawanmu muna shiga ajin da ya ninka haka, wasu a ƙasa suke zaune. Ga ƙarancin littattafai, kwafi ɗaya a hannun yara goma. Wannan gaskiya ne, kuma ƙungiya ba za ta daina neman a gyara ba. Sai dai mu tambayi kanmu, a cikin aji mai yara tamanin, wace hanya ce ta fi barin yaro a baya? Kwafar allo tana ɓoye wanda bai fahimta ba har ranar jarrabawa. A muhawara ana iya raba aji bisa layin benci, kowane layi ya zauna da kwafinsa ɗaya, su fitar da hujja uku a takarda, su tura wakili. Mako mai zuwa wakilin ya canza, a bi rajista har kowa ya samu rana. Kwafi ɗaya da yara goma suka yi rububinsa suna neman hujja ya fi amfani a kan kwafi goma da ke kulle a kabad ɗin shugaban makaranta don gudun kada su yage.

Na biyu jarrabawa da manhaja. Ana cewa lokaci ba ya isa, ga WAEC ga NECO suna tafe. To amma me takardar adabi take tambaya? Ta ce a tattauna halin wane, a bayyana rawar da wance ta taka, a kawo misalai daga littafi. Duk wanda ya taɓa zaman duba takardun jarrabawa ya san amsar hadda da ganinta: jimloli iri ɗaya daga yara hamsin, da zarar an juya tambayar kaɗan sai su watse. Yaron da ya taɓa kare Zurƙe a gaban aji, aka ƙure shi, ya koma ya nemo shafi, ya riga ya yi atisayen wannan amsa da bakinsa. Abin da ya rage a ce masa ya zauna ya rubuta abin da ya faɗa, ya haɗa da abin da abokin hamayyarsa ya faɗa. Ta haka insha'i yake samun ƙashi.

Na uku shi ne wanda ya fi nauyi, kuma a nan muna magana ne da iyaye, waɗanda wannan mujalla take shiga gidajensu. Akwai fargabar cewa yaron da aka koya wa jayayya a makaranta zai dawo gida yana mayar wa babansa magana, yarinya kuma ta zubar da kunya. Ba mu raina wannan fargaba ba, mu ma iyaye ne. Amma a bambanta musu da muhawara. Mai musu ba ya jira a gama, ba ya sauraro, ba ya karɓar kuskure, muryarsa ita ce hujjarsa. Wannan yaranmu ba sa bukatar malami ya koya musu, suna samun sa a bakin titi da cikin waya. A muhawara yaro yana fara wa da gaisuwa, ya jira a ba shi izini, ya tsaya idan lokacinsa ya cika, ya maimaita maganar abokin hamayya daidai kafin ya soke ta, ya kuma zauna ya haɗiye hukuncin alƙalai ko da bai yi masa daɗi ba. In wannan ba ladabi ba ne, ba mu san sunan da za a ba shi ba. Kunya ado ce, ba mu ce a cire ta ba. Amma yarinyar da ba ta iya buɗe baki ta yi wa likita bayanin ciwon ɗanta, ko ta faɗa wa alƙali abin da aka yi mata, kunyarta ta zama abin cutar da ita. Baki shi ke yanka wuya, haka ne, shi ya sa ya kamata a koya wa yaro riƙe shi tun yana gaban malami.

Akwai kuma abin da ya kamata mu faɗa wa kanmu ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Yawancin abin da muke kira gasar muhawara a makarantunmu wasan kwaikwayo ne. Ana zaɓar yara huɗu da suka fi iya Turanci, malami ya rubuta musu jawabi cike da manyan kalmomi, su haddace, su hau dandamali ranar rabon kyaututtuka su zazzage, a tafa. Batun kuma bai wuce likita da malami wa ya fi amfani, ko zaman birni da na ƙauye, batutuwan da tun muna ɗalibai ake jan su. In abokin hamayya ya kawo abin da ba ya cikin takarda, yaro ya tsaya cak. Wannan hadda ce aka sa wa babbar riga, kuma sauran ɗaruruwan yaran makarantar 'yan kallo ne. Abin da muke kira a yi ya fi wannan ƙanƙanta da rashin ado: a cikin aji, a kan littafin da ake karantawa, da harshen da yaro yake tunani da shi. A fara da Hausa a darasin Hausa. Yaron da ya iya jera hujja da harshen uwarsa zai ɗauki wannan ƙwarewa ya shiga da ita Turanci, amma wanda ake tilasta wa ya yi tunani da neman kalma a lokaci guda, shiru zai zaɓa.

Aikin yana da haɗarinsa, kada mu yi kamar babu. Masu baki za su so su mamaye fili, malami ya hana. Akwai mai i'ina, akwai wadda muryarta ke rawa, kada a tsayar da su ranar farko a gaban aji don a yi musu dariya. Su fara a ƙaramin rukuni, ko su zama masu rubuta hujjoji, har ƙafarsu ta yi ƙarfi. A tsaya a kan littafi, kada a bari zance ya zame zuwa saɓanin aƙida ko siyasar gari. Sannan malami ya koyi abin da ya fi yi mana wuya duka, wato ya riƙe nasa ra'ayin har yara su gama, ya kuma iya cewa, wannan ban taɓa lura da shi ba, idan yaro ya hango abin da ya wuce shi. Wasunmu abin da ke hana mu buɗe wannan ƙofa ke nan, tsoron tambayar da ba mu shirya mata ba, musamman in mu kanmu taƙaitaccen bayani muka karanta ba littafin ba.

Dalilin da ya sa muka ɗauki wannan da zafi ya wuce makin jarrabawa. Yaran da ke gabanmu suna tashi ne a zamanin da magana ke shigo musu ta waya dare da rana: jita-jita, da wa'azin da ba a san mai yin sa ba, da alƙawarin 'yan siyasa, da saƙon da ke cewa a yaɗa kafin a tambaya. Yaron da ya shekara shida yana jin malama tana cewa, nuna mana shafin, zai fi saurin tambayar ina hujja kafin ya ɗauki dutse ko ya tura saƙo gaba. Mu 'yan ƙungiya mun fi kowa sanin darajar wannan. Duk haƙƙin da muka taɓa samu, wani ne ya zauna a teburin sulhu ya jera dalilai a gaban hukuma bai ɗaga murya ba bai kuma ja da baya ba. Waɗanda za su yi mana wannan zama nan da shekara ashirin suna zaune a bencinmu yanzu, suna kwafar allo.

Saboda haka muna roƙon shugabannin makarantu su daina auna malamin adabi da shirun ajinsa. In an ji hayaniya, a leƙa a ga ko ta aiki ce kafin a aiko monita da gargaɗi. Muna roƙon masu duba makarantu su karɓi muhawara a matsayin darasi cikakke a tsarin darasin malami, kada su ce ba a rubuta komai a allo ba. Iyaye kuma, in yaro ya dawo, a tambaye shi wane littafi suke karantawa, wa yake ganin ya yi daidai a ciki, kuma don me. Ko ba a yi boko ba ana iya sauraron amsar a kuma ƙure shi. Mu malamai, shawarar da muke kawowa gaban reshe ita ce kowane mai koyar da adabi, na Hausa ko na Turanci ko na Larabci, ya ware darasi ɗaya ga kowane littafi a zango mai zuwa don shari'a ko muhawara. A taron reshe na ƙarshen zangon a ba mu rabin sa'a a cikin ajanda, bayan maganar albashi da ƙarin girma, kowa ya zo da batun da ya gwada da abin da yaransa suka ce.